Wanda Ke Zaune a Kujerar Dama

Jirgin bai tsaya inda ya kamata ya tsaya ba. Ya sauka cikin ruwan sama a wani gari na kudu, ya cinye titin saukar kaf, ya zarce cikin ciyawa, tayar gaba ta karye, hancinsa ya kafe a taɓo. Mutum casa'in da ɗaya ne a ciki, ba wanda ya mutu. Wata tsohuwa ce kawai ta karye a hannu wajen fitowa. Kyaftin Okechukwu ne ke tuƙi. A kujerar dama kuwa, kujerar mataimakin matuƙi, Abdulƙahhar ne zaune, ɗan Alhaji Hambali na Fagge.

Kwana tara ke nan Alhaji Hambali bai ci abincin kirki ba. Kamfanin jirgin ya dakatar da matuƙan biyu, an ce ranar Talata ƙarfe goma za a zauna da yaron a ofishinsu na Titin Ibrahim Taiwo, a nan za a san ko zai koma kujerarsa ko ba zai koma ba.

Shi Alhaji Hambali ba mutumin takarda ba ne. Aji uku ya yi ya gudu tasha. Ubansa daga Nguru ya shigo Kano a jirgin ƙasa, ya zauna Fagge, a nan aka haifi Hambali. Shekara bakwai ya yi yana yaron mota, shekara talatin da ɗaya yana jan tirela tsakanin Kano da Legas, yanzu shi ke kula da lodi a wani ɓangare na Kasuwar Singa. Abin da ya yarda da shi ɗaya ne, kuma yana faɗa ko ba a tambaye shi ba: takarda ba ta tuƙi, hannu ke tuƙi, hannu kuma sai ya daɗe.

Okechukwu abokinsa ne tun suna samari. A Sabon Gari aka haife shi, ubansa na sayar da kayan gyaran mota a Faransa Rod, can Hambali ke zuwa sayen fatar birki. Hausar Okechukwu ta fi ta Bakano da yawa daɗi. Shi ya ga yaron yana da kai, ya ce a tura shi makarantar tuƙin jirgi. Ranar da kamfani ya ɗauki Abdulƙahhar, Alhaji Hambali ya kama hannunsa har gidan Okechukwu, kamar yadda ake kai sabon yaro wurin direba a tasha. Ya ce, “Ga shi nan, amana. Kai kuma, idonka a buɗe, bakinka a rufe. Mutumin nan yana sama tun ba a yi auren uwarka ba.” Okechukwu ya yi dariya, aka sha lemo, aka watse.

To, ranar Litinin bayan La'asar, Alhaji Hambali ya kira ɗan nasa zaure. Yaron ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya durƙusa gefen tabarma.

“Gaya mini abin da ya faru. Ban da Turanci.”

“Baba, tun muna nesa na ga mun yi sama da yawa, gudun ma ya yi yawa. Ga ruwa ya kwanta a titin. A makaranta akwai wani ɗaki mai motsi da aka yi kamar kan jirgi, a ciki ake gwada mu. An sa ni wannan saukar ya fi sau hamsin. Doka ita ce in ce a fasa sauka, a sake tashi a zagayo. Da ƙarfi zan faɗa. In kyaftin bai ji ba in sake. In bai ji ba in karɓe jirgin daga hannunsa.”

“Ka karɓe? Daga hannun wa?”

“Haka dokar take.”

“Me ka ce masa?”

“Na ce, Baba Oke, kamar dai da ɗan gudu. Ya ce ya gani.”

“To ai ka faɗa.”

“Ba haka ake faɗa ba, Baba.”

Alhaji Hambali ya gyara zama. “Awa nawa ka yi a sama?”

“Ɗari huɗu da goma.”

“Shi fa?”

“Dubu goma sha shida.”

“To kai wane ne? Ɗakin wasan yara aka sa ka yana jijjiga ka, shi ne za ka koya wa wannan mutumin sauka? Saurara. Ina shekara goma sha tara maigidana ya yi gyangyaɗi bayan Kontagora, muka daki kwalbati. Ina gefensa, na ga idonsa ya rufe. Kwana uku ina tsare wurin 'yan sanda, ba su ji kalma ɗaya a kansa daga bakina ba. Duk tasha ta ji labari. Shi ya sa da lokaci ya yi aka damƙa mini mota. Yaron mota ba ya ba da shaida a kan maigidansa.”

“Baba, akwai akwatin da ke naɗar maganarmu a jirgi. Sun riga sun ji komai.”

“Su ji daga akwati, ba daga bakinka ba. Ban ce ka yi ƙarya ba. Abin da ya shafe ka, ka amsa. Abin da ya shafe shi, ka sunkuyar da kai.”

Daga bayan labule Yakaka, uwar yaron, ta ce, “Alhaji, sama fa ba hanyar Legas ba ce.”

“Ke, ban kira ki ba.” Ya juyo ga ɗansa, ya nuna shi da yatsa. “In ka buɗe baki ka ce mutumin nan ya yi kuskure, ko ka ce ka fi shi gani, ban yafe maka ba. Ka ji?”

Abdulƙahhar ya sunkuyar da kai. Ya ce, “Na ji, Baba.”

Washegari yaron ya fita tun ƙarfe takwas, sanye da farar riga. Alhaji Hambali ya kasa zama a gida, ya kasa zuwa kasuwa. Zaure ya yi masa zafi. Sai ya ce bari ya je Sabon Gari ya kwantar wa abokinsa da hankali, ko shi ma nasa ya kwanta. Ya sayi goro fari, ya hau adaidaita sahu.

Monica, matar Okechukwu, ita ta buɗe ƙofa, hannunta duk garin rogo. “Alhaji, sai yau? Shigo, yana ciki, tun safe yake faɗa da rediyo.”

Okechukwu na zaune a falo da singileti da zane ɗaure a ƙugu. Ya ɗago. “A'a, direban ƙasa!”

“Direban sama da ya koma noman fadama. An ce ka sauka duba shinkafa.”

“Babarbaren banza. Zauna. Monica, kawo masa shayi, ki cika sukari, wannan bai san ciwo ba.”

Suka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Alhaji Hambali ya ajiye goro a tebur, ya rage murya.

“Oke, na zo in gaya maka ka kwantar da hankalinka. Yaron nan ba zai ce komai a kanka ba. Na ɗaure shi. Na ce masa ban yafe ba in ya ɗora maka laifi.”

Okechukwu ya ajiye kofinsa a hankali. “Ka ce masa me?”

“Abin da ka ji.”

“Hambali, jiya na zauna da su. Na ce laifina ne, na ce yaron ya yi mini magana ban saurara ba. Na ba su takardar ajiye aiki. Nawa ya ƙare tun jiya ƙarfe biyu. Babu abin da zai rufa mini.”

“To ai shi ke nan, sai su sake shi.”

“Ba shi ke nan ba ne! Ba a kaina za su tambaye shi ba. So suke su ji ko yana da baki.”

Alhaji Hambali ya ɓata fuska. “Bakin me? Yaron da ko shekara bai cika ba a sama? Kai da kake da awa dubu goma sha shida?”

“Awannin nan su suka kai ni cikin taɓon nan.” Okechukwu ya ɗaga hannunsa na dama yana kallo kamar ba nasa ba. “Hannun nan ya ce mini, ka yi irin wannan saukar sau ɗari, za ta tsaya. Gaskiya ne, na yi sau ɗari, ta tsaya. Abin da hannun ya manta, titin can gajere ne, ruwa kuma ya kwanta a kai. Yaronka bai taɓa ganin irin wannan a sama ba, a ɗakin gwaji kawai ya gani. Shi ya gani daidai, ni na gani karkace.”

“Ɗakin wasa.”

“A ɗakin wasan nan ake kashe mutum sau hamsin ya tashi. A sama sau ɗaya ne. Bari in tambaye ka. A tirela, yaron motarka yana da birki a ƙarƙashin ƙafarsa?”

“Wane irin birki? Hauka ake?”

“Yana da sitiyari a gabansa?”

“A'a.”

“To a jirgi yana da. Sitiyari biyu, birki biyu. Duk abin da ke gabana yana gabansa. Kana tsammani kamfani ya ƙera haka don ya riƙa miƙo mini ruwan sha? Ba yaron mota ba ne, Hambali. Direba ne na biyu. An ajiye shi ne saboda ranar da kan tsoho zai bugu.”

Alhaji Hambali ba ya saurin sauka daga magana. Ya ce, “Da ya ƙwace maka jirgi, da ka mare shi.”

“Da na zage shi har kakansa na Nguru. Da yanzu kuma mu biyun muna da aiki.” Ya shafa kansa. “Ni ma da nawa. Wata biyar muna tashi tare, Baba Oke kaza, Baba Oke kaza, yana ɗaukar mini jaka. Na san ba daidai ba ne a cikin jirgi. Daɗi na ji, na ƙyale.”

Monica ta dire shayin a gaban Alhaji Hambali har ya fantsalo. “Ku biyun nan, tsofaffin kawai. Ɗaya ya rufe masa baki, ɗaya ya ji daɗin shirun. Yanzu ƙarfe nawa?”

Suka dubi agogon bango. Goma saura kwata.

Okechukwu ya miƙe tsaye. “Kyaftin Nneka ce shugabar matuƙa, ita ke jan zaman. Na san tambayarta, guda ɗaya ce. Za ta ce masa, ya kamata ka karɓe jirgin a ranar ko bai kamata ba? In ya ce ya kamata, ya yi kuskure da bai karɓa ba, za ta mayar da shi horo sati biyu ya koma aiki. In ya yi shiru, ya tafi. Kira shi. Yanzu.”

Alhaji Hambali ya laluba aljihu ya fiddo waya, ya nemo lambar ɗansa. Ya danna. A kashe. Ya sake dannawa. A kashe. Okechukwu ya kira Kyaftin Nneka da tasa wayar, ta yi ta ƙara har ta katse.

“Sun karɓi wayoyi ke nan. Tashi ka je. Ni ba za su bar ni in wuce ƙofa ba yanzu.”

Alhaji Hambali ko sallama bai yi ba. A bakin titi ya tare adaidaita, ya ce wa mai tuƙin, “Ibrahim Taiwo, kada ka ɗauki kowa.” Suka fita daga Sabon Gari lafiya. Suna dosar Singa komai ya tsaya cik. Tirela biyu sun gitta a hanya ana sauke shinkafa da katan-katan na taliya, wata ta uku tana son juyawa ta kasa, 'yan dako na ratsa tsakani da buhuna a ka, kowa na danna oda. Ya san motocin. Shi da bakinsa ya ce jiya su shigo da safe.

“Alhaji! Ranka ya daɗe! Yau ba ka fito ba!” wani direba ya ƙwala daga sama.

“Janye motar nan, don ubanka!”

“Ina zan janye ta, Alhaji? Dubi bayana.”

Ya duba. Babu inda za a janye. Wayarsa ta nuna goma da minti goma. Ya diro daga adaidaitan, ya tattare babbar riga a kafaɗa ya fara gudu. Mutum mai shekara kusan sittin, ga tumbi, ga gwiwar da kulocin tirela ya cinye. Ya ture wani mai baro, ya taka cikin kwata, mutane na cewa lafiya, Alhaji, lafiya?  Abin da yake ta faɗa a ransa, Allah Ka sa ba su kai ga tambayar ba, Allah Ka sa suna gaishe-gaishe, ai 'yan boko ba sa fara abu a kan lokaci.

Sun fara a kan lokaci. Mai gadin ofishin ya tare shi a ƙofa.

“Baba, ina zuwa?”

“Ɗana na ciki. Kalma ɗaya zan gaya masa.”

“Ba a shiga. Sun kulle daga ciki.”

“To kai ka je. Ka ce masa ubansa ya janye. Ka ce ya yi magana. Haka kawai, zai gane.”

Mai gadin ya dubi ƙafarsa da ta yi baƙi da ruwan kwata, ya ji tausayi, ya hau sama. Minti biyu ya dawo. “Sakatariya ta ce ko takarda ba ta shiga sai an tashi.”

Alhaji Hambali ya zauna a kan dakalin mai gadi. Ya tashi. Ya sake zama. Ya ɗaga kai yana ƙirga tagogin bene, bai san wacce ce ba. Ya yi tunanin ya tsaya tsakiyar harabar ya ƙwala sunan yaron, sai ya ga duk tagogin a rufe suke, injin sanyi na gurnani a jikin kowace. Duk da haka ya ƙwala, sau biyu. Mai gadi ya roƙe shi don Allah ya bari, kada a kore shi daga aiki. Ya fiddo carbi, ya kasa ja. Yana ta gaya wa kansa, yaron nan ya yi makaranta, ya san abin da ya fi masa, ba zai bi maganar jahili ba. Sai kuma ya tuna yaron bai taɓa saɓa masa ba ko sau ɗaya tun yana ƙarami. Abin da yake alfahari da shi a kasuwa ke nan.

Sha biyu saura Abdulƙahhar ya sauko, da farar ambulan a hannu. Ya ga ubansa, ya rusuna.

“Baba, me ya sami ƙafarka?”

“Bar ƙafata. Me suka tambaye ka?”

“Sun kunna mana abin da akwatin ya naɗa. Suka tambaye ni gudun, na faɗa. Suka tambaye ni dokar, na karanto musu ita duka. Sai Kyaftin Nneka ta ce, ya kamata in karɓe jirgin daga hannun Baba Oke ko bai kamata ba.”

“Ka ce me?”

“Sau uku ta tambaya. Na uku har da Hausa.”

“Na ce ka ce me!”

“Ban ce komai ba, Baba. In na ce ya kamata, na ce na fi shi gani ke nan.”

Alhaji Hambali ya dafa bango. Daidai nan wata mace ta fito daga benen, doguwa, da furfura kaɗan a gaban kai, tana laluben makullin mota a jaka. Yadda mai gadi ya ƙame ya sa ya gane Kyaftin Nneka ce. Ya sha gabanta.

“Hajiya, Madam, don girman Allah. Ni ne ubansa. Ni na sa shi. Ni na ce ban yafe ba in ya yi magana. Ya san amsar, wallahi ya sani. Abdul, gaya mata! Na janye, gaya mata yanzu!”

Ta tsaya, ta saurare shi har ya gama. Hausarta irin ta 'yan Sabon Gari ce, ba gargada.

“Baba, na yarda kai ka sa shi. Na kuma san ya san amsar. Na duba takardunsa na horo, babu wanda ya fi shi a ajinsu. Da ƙarancin sani ne, da na mayar da shi ɗakin gwaji. Da ƙarancin awa ne, awa tana zuwa da kanta. Amma ka duba. Ba ka cikin jirgin, ba ka cikin ɗakin nan, maganarka kuma ta fi tawa da ta makaranta ƙarfi a kunnensa. Yau ka janye. Gobe yana sama, wani mai furfura na gefensa yana kuskure, wa zai hau ya janye masa? Ina da mutum casa'in a baya.”

“Ki ba shi dama ɗaya.”

“Uku na ba shi, Baba. Ka yi haƙuri.”

Ta shiga mota. Mai gadi ya buɗe mata ƙofa, sannan ya dawo ya tsaya gaban Abdulƙahhar yana sosa ƙeya, ya ce an ce ya karɓi katin kamfani. Yaron ya cire daga wuya ya miƙa masa da hannu biyu.

A ƙasa suka taka zuwa Fagge. Yakaka na tsaye a tsakar gida, ta dubi fuskokinsu, ta koma ɗaki.

Abdulƙahhar ya nemi aiki a kamfani huɗu. Kowanne sai ya ce a kawo takarda daga inda ya baro, takardar kuma layi ɗaya ne a cikinta da ke kashe maganar. Okechukwu ya buga waya duk inda ya san mutum, amma wanda ya kafe jirgi a taɓo ba a jin roƙonsa. Wa'adin gwajin lasin ɗin Abdulƙahhar ya zo ya wuce, babu kamfanin da zai tura shi sabuntawa. Yanzu yana wani ƙaramin shago kusa da tashar jirgin ƙasa, yana yanka wa masu zuwa Umara tikiti, yana zaɓa musu kujera kusa da taga. Shekararsa ashirin da bakwai. Tun daga ranar bai sake shiga jirgi ba, ko a fasinja.